Idan ya zama dole Mma ta koma gidan kula da tsofaffi

A zango ba a son ɗago wannan maganar, da ka ce za ka kai tsohuwarka gidan kula da tsofaffi sai a hau kallonka kamar ka yar da ita. Amma fa akwai gidaje a Aboabo da Asawase a Kumasi inda tsohuwa ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɗa ɗaya yana Jamus ɗaya yana Accra, wadda ke gida kuma tun asuba ta tafi kasuwar Kejetia sai magariba, tsohuwa na kwance ita kaɗai ba mai juya ta har bayanta ya fara gyambo. A irin wannan hali nemo mata inda za a kula da ita dare da rana shi ma biyayya ne, in dai an bi ta hanyar da ba za ta ji an gaji da ita ba.

To kafin komai a zauna da ita, ido da ido ba ta waya ba. Don Allah kar a yi mata dabarar nan ta "asibiti za mu je mu dawo", wallahi ranar da ta gane ta daina yarda da ku ke nan. Ka durƙusa ka ce "Mma, jikin nan ya fi ƙarfinmu, tsoro muke ki faɗi ba kowa a gida, mun ga wani wuri, ki zo mu je ki gani da idonki." In akwai ƙaninta ko malamin da take jin maganarsa a sa shi a ciki. Za ta iya ƙi yau, a bar ta, a sake komawa bayan kwana biyu.

Wurin kuma kar ka tsaya kan hotunan Facebook. Je ka ba tare da ka sanar ba, lokacin cin abinci ya fi. Hancinka zai fara gaya maka gaskiya tun daga ƙofa. Leƙa banɗaki ka ga ko ƙasan yana santsi, ko akwai ƙarfen riƙewa. Tambayi takardun rajistarsu, da wa ke kwana da tsofaffin da dare, in jiki ya rikice ƙarfe 2 na dare wace mota za ta kai ta asibitin Komfo Anokye. Sai namu na musamman wanda in ba ka tambaya ba ba mai kawo maka shi: mace ce za ta yi mata wanka? Wane nama ake dafawa, a wace tukunya? Akwai mai taimaka mata da alwala ya nuna mata gabas? Akwai mai jin Hausa a ma'aikatan? Wannan na ƙarshen kar a raina shi, tsohuwar da ta yi shekaru tana ciniki da harshen Twi in mantuwa ta kama ta sau da yawa harshen da ta tashi da shi take komawa.

Takardu a haɗa su a leda ɗaya, Ghana Card, katin asibiti, sunayen magunguna da lokacin shan kowanne, da katin inshorar lafiya na NHIS wanda ake sabuntawa a waya ta *929#. Mai shekara 70 zuwa sama an yafe masa kuɗin inshorar na shekara, sai dai NHIS ba ta biyan kuɗin zaman gidan, wannan daga aljihunku ne. A rubuta abin da kuɗin wata ya ƙunsa, har pampas da wanki, a kuma sa mutum ɗaya ya riƙa karɓar kuɗin da 'yan'uwa ke turowa ta waya (momo) don kar a zo ana nuna wa juna yatsa.

Ranar tafiya a je da safe. A ɗaukar mata dardumarta da butarta da carbi, zannuwan da ta saba da su, rediyonta, har ɗan kwanon da take ajiye goro. Ku shirya ɗakin da hannunku, ku zauna sai ta ci abinci ta yi la'asar sannan ku tafi, ku kuma faɗa mata ranar da za ku dawo ku cika. Ɗakinta na gida a bar shi yadda yake, kar a raba kayanta, kar a ba da shi haya, labari zai je mata.

Makonnin farko akwai wuya, za ta yi kuka, wataƙila ta ƙi abinci, ta ce a mai da ita gida. Ku raba kwanakin ziyara, ya fi a taru ranar Lahadi a cika wurin sannan kwana 6 shiru. A kai jikoki. Ranar Juma'a a kai mata tuwon zafi da miyar ayoyo, amma a tambayi nas tukuna in tana da sukari ko hawan jini. In jiki ya yarda a ɗauko ta suna da biki da Sallah. Kowane zuwa mace a cikinku ta duba bayanta da dugaduganta, a lura ko tana ramewa. In aka ga gyambo ko rama kuma an yi magana ba gyara, a fara neman wani wurin tun a makon.