Yadda Ake Cajin Batirin Mota da Wayar Hannu da Ƙaramin Faifan Sola

Ƙaramin faifan sola, irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya, gwani ne wajen hana batir mutuwa, amma ba ya tayar da wanda ya riga ya mutu. Yawancin masu cewa an cuce su da faifan wat 10, nauyin da ya fi ƙarfinsa suka ɗora masa. Saboda haka kafin ka ɗauki sukudireba, fara ɗaukar biro.

Juya faifan ka karanta takardar da ke manne a bayansa. Wanda ake kira na volt 12 yakan fitar da wajen volt 18 idan yana aiki, ya kai 21 ko 22 idan babu abin da ke jone da shi. Raba wat ɗinsa da 18, ka samu amfiyar da zai iya bayarwa. Faifan wat 20 kenan yana ba da amfiya 1.1. Idan ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, ya zuba wa batir wajen 5.5Ah a yini (Ah shi ne amfiya sau awa, ma'aunin cajin da batir ke ɗauka). To batirin mota mai 60Ah da ya sauka rabi yana neman 30Ah, wato kwana shida kenan, in gari bai yi hadari ba. Kuma lambar da ke jikin takardar a ɗakin gwaji aka same ta, faifan yana kan sanyin digiri 25. A kan rufin mota da tsakar rana ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, zafin kuwa rage masa ƙarfi yake yi.

Inda ƙaramin faifai ke nuna kansa shi ne motar da aka ajiye. Ko an kashe ta, agogo da ƙararrawa da kwamfutarta suna tsotsar miliamfiya 20 zuwa 50 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya) dare da rana, har wata safiya ka murɗa makulli ka ji "ƙas-ƙas". Faifan wat 5 zuwa 10 ya isa ya mayar da abin da ake tsotsa. Babur ma wat 5 ya wadatar da shi.

Sai ka auna batirin da mita, bayan motar ta huta na wasu awanni. In ka ga 12.6, a cike yake. In 12.2 ne, ya sha rabi. In kuwa ya tsaya a wajen 10.5 ya ƙi hawa, da alama ɗaya daga cikin gidajensa shida ya mutu, kuma babu solar da za ta gyara wannan. Batiri mai marufai, buɗe ka leƙa: idan ruwan ya sauka ƙasa da farantan, ƙara tataccen ruwan batir, ba asid ba. Goge farin garin da ya taru a kawunansa.

Yanzu maganar kwanturola, ɗan akwatin da ke shiga tsakanin faifai da batir. Mutane da dama suna ganin ɓarnar kuɗi ce, su jona faifan kai tsaye. Batirin gubar volt 12 yana son a kai shi wajen 14.4, sannan a sassauta a riƙe shi a kan 13.6 zuwa 13.8. Faifai bai san ya isa ba. Zai ci gaba da turawa har ruwan ya riƙa tafasa, batirin ya kumbura ko ya bushe. Da dare kuma, in faifan ba shi da diyod a ciki, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, wutar takan sulale ta koma baya. A ganina duk abin da ya wuce wat 5, a sa masa kwanturola kawai. Iri biyu ce, mai PWM da mai MPPT. Ƙarama mai PWM ta isa. Mai MPPT ta fi tatso wuta, amma a kan faifan wat 20 ribar ba ta taka kara ta karya ba. Idan batirinka na litiyom ne, tilas ka shiga saitin kwanturolar ka zaɓi litiyom, don cajinsu ba ɗaya ba ne.

Wajen haɗi, batir ake fara jonawa da kwanturola, sannan faifai. Daga batirin take gane ko tsarin na volt 12 ne ko na 24, kuma wasu sukan ƙone idan wutar faifai ta riga shiga. Jar igiya a kan alamar tarawa, baƙa a kan ta ɗebewa. A jikin jar, kusa da kan batir, sa fiyus na amfiya 5. Kada ka raina wannan: faifan ƙarami ne, amma batirin mota zai iya narkar da igiya cikin daƙiƙa idan kawunan biyu suka haɗu. Rufe fuskar faifan da tsumma har ka gama ɗaurewa, kuma ban da sigari a wurin, domin batir mai caji yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta. In za ka kwance, faifai ne zai fara fita.

Wasu ƙananan faifan suna zuwa da kan da ake sokawa a ramin kunna sigari. Gwada tukuna: cire makulli ka soka cajar waya. In ba ta kawo wuta ba, ramin a yanke yake, faifan zai yini yana aikin banza. Sai ka koma ga matsan da ake maƙalawa a kan batir.

Ajiye faifan yana kallon rana sosai, a ɗan karkace, da sarari a bayansa don iska ta ratsa. Gilashin gaban mota yana cinye wani kaso na hasken, mai duhu ya fi ci. Inuwar reshe ɗaya ko kashin tsuntsu a kan ɗan murabba'i guda na iya durƙusar da faifan gaba ɗaya, saboda a jere aka jona su. Riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe.

Wayar hannu, tocila da rediyo volt 5 suke sha ta USB, ko dai daga faifai mai naɗewa da ke da ramin a jikinsa, ko daga ramin da ke jikin kwanturola. Kada ka kuskura ka jona waya da igiyar volt 18. Ya fi kyau ma ka caja fawa-bank da rana, da dare ita ta caja wayar, domin duk gajimaren da ya gifta sai cajin ya yanke, wasu wayoyin kuma ba sa komawa da sauri sai an zare an mayar. Fawa-bank mai 10,000mAh tana ɗaukar wajen 37Wh (Wh shi ne wat sau awa), faifan wat 10 zai kwashe yini guda, wani lokaci har da rabin gobe, kafin ya cika ta. Yi amfani da doguwar igiya: faifai a rana, fawa-bank da waya a inuwa, don zafi na kashe batirin litiyom.

Bayan kwana biyu da haɗawa, sake ɗora mita da tsakar rana. In ka ga sama da 13, wuta na shiga. In lambar ba ta motsa ba, duba fiyus da matsan kan batir kafin ka zargi faifan.