Yadda za ka gwada irin shinkafar gargajiya a gonarka ba tare da takin zamani ba

Manoman fadamar Dadin Kowa da na Dass sun san shinkafar zamani ta FARO 44 tana cika buhu idan ta sha yuriya. Amma wanda zai dogara da kashin shanu da na kaji kaɗai, sai ya sake lissafi, domin wasu tsofaffin iri, musamman jar shinkafa ta Afirka, sun fi jure ƙasa mai rauni. Ganyenta mai faɗi yana rufe ƙasa da wuri, ciyawa ta rasa rana. Kafin ka ba ta gonarka duka, gwada ta a ƙaramin wuri.

Fara da neman iri biyu ko uku daga hannun manoman da suka daɗe suna ajiye nasu, ba daga buhun kasuwa da ya gauraya ba. Haɗa da FARO 44 don ka sami ma'auni. Zuba kowane iri a ruwa, ka kwashe wanda ya taso ka zubar.

Yanka fangali mita 5 tsawo, mita 5 faɗi, kowane iri ya sami guda uku a warwatse. Idan ka jera iri ɗaya a inda ruwa ya fi kwanciya, ƙasar ka gwada, ba irin ba. Watsa ruɓaɓɓen taki daidai wa daida a duk fangalin, mako biyu ko uku kafin dashe, ka juya shi cikin ƙasa. Kada ka cika hannu: irin gargajiya dogo ne, taki ya yi yawa sai kara ya yi laushi. Dasa idan tsiron ya kai kwana 21 da shuka, tsiro biyu ko uku a rami, santimita 20 tsakani.

Daga nan aikin littafi ne, kuma a nan yawancinmu ke ragwanci. Rubuta ranar da kowane iri ya fitar da kai, da sau nawa ya buƙaci noma, da yawan 'ya'yan da gindi ɗaya ya yi. Bayan iska mai ƙarfi, zagaya ka ga wanda ya kwanta. Lura da ranar nuna sosai, don irin da ya nuna shi kaɗai, kafin na maƙwabta ko bayansu, shi tsuntsun jan baki ke sauka a kai. Babban aibin jar shinkafa shi ne zubewa. Kama zangarniya ka ɗan matsa a tafin hannu. In ƙwaya ta zubo da yawa, to wannan iri ba ya jiran ɗan ƙwadago, dole a yanke shi da ya nuna.

Sussuke kowane fangali daban, ka shanya, ka auna a sikeli. Ninka kilon fangali ɗaya sau 400, ka sami kimanin abin da hekta za ta bayar. Sai ka turara kaɗan ka kai inji, ka ga yawan karyewarta, a kuma dafa a gida a ji ta bakin uwargida. Wanda ya yi fice, tsinci zangarniyarsa mafi kyau da hannu ka ajiye, ka maimaita gwajin baɗi, tunda damina ba ta zuwa iri ɗaya.