In za ka karanta fisiyoloji a jami'a, ga yadda za ka ci moriyarsa

Abu na farko da ya kamata ka sani tun kafin ka cike fom shi ne digirin fisiyoloji ba ya mayar da mutum likita, ba za ka riƙe wannan takardar ka zauna kana duba marasa lafiya kana rubuta musu magani ba. Ɗalibai da yawa sukan faɗo cikinsa ne don sun nemi likitanci ba su samu ba, sai su ɓata shekara ɗaya ko biyu suna jiran canjin kwas, karatun ma ba da zuciya ɗaya ake yi ba, kafin su farga maki ya zube, likitancin bai samu ba kuma na hannun ya lalace. Wannan yana damuna sosai wallahi, domin ilimi ne mai daɗi kuma yana da hanyoyinsa na kansa in mutum ya shirya da wuri.

Anatomi zai nuna maka mene ne a ina a jikin mutum, shi kuwa fisiyoloji tambayarsa ita ce ta yaya abin yake aiki kuma me ya sa. Zuciyar babban mutum tana tura jini wajen lita 5 a minti ɗaya yana zaune ba ya komai. Ƙoda biyun nan suna tace ruwa kusan lita 180 a rana amma fitsarin da yake fita bai wuce lita ɗaya da rabi ba, to ina sauran ya tafi, wa ya mayar da shi cikin jini, wa ya ba da umarnin? In irin wannan tambayar tana tsaya maka a rai to ka zo inda ya dace. Digirin shekara uku ne ko huɗu, ya danganta da ƙasa.

Shekarar farko yawanci kemistiri ne da fiziks da bayoloji da ɗan lissafi, kuma don Allah kar ka raina fiziks kana cewa ai ni jikin mutum na zo karanta. Gudun jini a jijiya maganar matsi ce da faɗin bututu, saƙon da ƙwaƙwalwa take aikawa maganar lantarki ce. Masana biyu, Hodgkin da Huxley, a Ingila da lissafi suka warware yadda saƙo yake bin jijiya a 1952, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1963, kuma har yau shi za a koya maka a aji. Bayokemistiri ma haka, wanda ya bar shi a baya zai sha wuya in aka zo kan homon, wato sinadaran da suke kai saƙo a jiki, da narkar da abinci.

Yanzu ga asalin yadda ake karatun, nan ne mutane suke faɗuwa. Hadda zalla ba ta kai ka ko'ina a fisiyoloji. Akwai tunani guda ɗaya da ya riƙe kwas ɗin gaba ɗaya, wato jiki kullum yana ƙoƙarin tsayar da cikinsa a kan daidaito, zafinsa wajen digiri 37, sukarin jini, gishiri, ruwa, duk a cikin iyaka. Claude Bernard ɗan Faransa ne ya kawo wannan tunanin a ƙarni na 19, daga baya Walter Cannon na Amurka ya faɗaɗa shi. Don haka duk babin da ka buɗe ka tambayi kanka abu uku, me ake tsarewa, wa yake gane ya kauce, wa yake dawo da shi.

Ɗauki mutumin da ya daɗe a kwance ya miƙe tsaye farat ɗaya. Jini ya taru a ƙafafu, wanda yake komawa zuciya ya ragu, abin da zuciya take turawa ya ragu, matsin jini ya sauka. Akwai wasu 'yan majiya a jikin manyan jijiyoyin wuya da kuma babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, su ne za su ji saukar nan take su kai labari gindin ƙwaƙwalwa, daga can a ce wa zuciya ƙara sauri, a ce wa ƙananan jijiyoyi su tsuke, cikin daƙiƙu kaɗan matsin ya dawo. In abin ya yi jinkiri shi ne jirin nan da mutum yake ji ido ya yi duhu. Ka ga in ka iya jero wannan da bakinka ba ka duba littafi ba, to ko malami ya juya tambayar ya ce mutum ya zubar da jini a haɗari, za ka amsa, don sarƙar kusan ɗaya ce. Ka ɗauki farar takarda ka riƙa zana kibiya daga wannan zuwa wancan, sannan ka samu aboki ka yi masa bayani, inda bakinka ya sarƙe nan ne ba ka gane ba.

Firaktikal kuma kar ka zama ɗan tsayawa a baya kana jiran kwafar sakamakon wasu. Ka sa hannu ka auna matsin jini da kanka, ka manna wayoyin ECG, na'urar da take zana lantarkin bugun zuciya, ka koyi karanta layin, ka hura na'urar auna ƙarfin huhu, ka koyi riƙe madubin ƙara girma. Ka kuma ɗauki kwas ɗin ƙididdiga da gaske, ka koyi manhajojin nazarin alƙaluma irin su Excel da SPSS ko R tun kana aji biyu. A ganina wannan ya fi komai raba waɗanda suke samun aiki da waɗanda suke zaune da takarda. Furojet ɗin ƙarshe ka zaɓi sufabaizan da yake bincike da gaske ko da an ce yana da tsanani, wasiƙar shaidar da zai rubuta maka tana da nauyi.

Maganar aiki, gaskiyar ita ce digirin farko shi kaɗai ba kasafai yake isa ba, kusan kowace hanya tana son ƙari a kai. Mai son bincike da koyarwa zai wuce mastas da digirin dakta, a nan maki mai kyau shi ne komai musamman in kana neman tallafin karatu. Mai son asibiti akwai aikin gwaje-gwajen zuciya da huhu da barci da ƙwaƙwalwa, a Birtaniya hukumar lafiya ta NHS tana da horo na shekara uku da take ɗaukar masu digirin kimiyya don wannan. Wanda har yanzu likitancin yake so ƙofa ba ta rufe ba, a Amurka ma sai ka gama digirin farko kake shiga makarantar likitanci, a Birtaniya kuma akwai tsarin shekara huɗu na masu digiri, kuma fisiyoloji zai sauƙaƙa maka shekarun farko sosai. Sai ɓangaren motsa jiki da 'yan wasa, kamfanonin magani da masu sa ido kan gwajin sababbin magunguna, kamfanonin na'urorin asibiti, kiwon lafiyar al'umma da nazarin bayanai.

Ka zaɓi biyu daga cikin waɗannan kafin ka shiga aji uku, ka nemi wanda yake yin aikin ka tambaye shi ta ina ya bi, ka yi amfani da hutu wajen neman horo a lab ko asibiti ko da ba biya. In kuma aikin na taɓa mara lafiya ne, ka fara duba dokar hukumar da take ba da lasisi a ƙasar da kake son yin aikin kafin ka biya kuɗin wani mastas, domin akwai ayyukan da sai da takamaiman digirinsu ake rajista, fisiyoloji ba ya maye gurbinsu.