Ranar wasa: yadda nake ɗauko rahoto daga fili

Ƙanwata, tunda kin ce aikin nan kike so, ga yadda nake yi duk ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists ke wasa a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi.

Galibi ƙarfe huɗu ake take wasa, ni kuwa biyu da rabi ina bakin ƙofa, katin shaidata rataye a kan hijabi inda kowa zai gani. Ki sa gidan rediyonku ya yi miki kati, ki kuma shiga ƙungiyar marubuta wasanni, SWAN. Na taɓa zuwa wani fili a wata jiha, mai gadi ya ce, "Hajiya, nan wurin 'yan jarida ne." Katin ne ya shigar da ni.

Da shigarki ki nemi takardar jerin 'yan wasa, ki kwafe suna da lamba a littafi da biro. Waya caji kan ƙare mata, ga rana na hana ganin allo. Alƙali na busa usur ki duba agogo. Ƙwallo, kati, canji, kowanne ki rubuta mintinsa.

Amma tsokar aikin tana bayan an tashi, wato hira da koci da 'yan wasa. A kan wannan ne Melissa Ludtke ta mujallar Sports Illustrated ta je kotu a Amurka. A 1977 aka hana ta shiga ɗakin canza kayan 'yan wasan New York Yankees, ƙungiyar wasan baseball, maza na ciki suna kwasar hira, ita tana waje. A 1978 mai shari'a Constance Baker Motley ta ce a ba ta dama daidai da ta maza. Mu nan ba ɗakin canza kaya muke nema ba, amma hirar nan ba za mu bar wa maza ita ba. Saura minti biyar ki sauko ki tsaya ta inda koci zai fito, kin riga kin kunna na'urarki ta naɗar murya.

Don Allah kada ki tambaye shi yaya ya ji. Buɗe littafinki ki ce, "Koci, me ya sa ka cire lamba takwas a minti na 60, alhali shi ke riƙe da tsakiya?" Ranar da na fara irin wannan tambayar, sai da kocin ya tsaya ya dube ni, sannan ya yi bayani har na minti uku.

Ki tura wa ofis muryar da kika naɗa tun kina fili. Mai Keke Napep kuwa tun da rana za ki yi magana da shi, don magariba na kawo kai ake tashi, ga cunkoso a bakin ƙofa.