Yadda ake jan wayar wuta a ƙarƙashin daben ƙaramin jirgin ruwa

Yawancin yaranmu da ke saukowa bakin ruwa daga Agege ko Idi-Araba neman aikin wuta, a wayarin gida ko na mota suka koyi sana'a. Hannunsu na da kyau, amma jirgi daban ne. Ruwan Legas gauraye yake da gishirin teku, musamman da rani, kuma duk abin da ya shiga jirgi, ruwan sama ne ko feshi, ƙarƙashin dabe yake gangarawa ya kwanta. Ta nan kuma wayarka za ta bi.

Fara da wayar kanta. Wayar gida mai sanda ɗaya a ciki, ka bar ta a gida. Jijjigar inji da dukan ruwa za su karya ta a cikin robarta ba ka sani ba. Wadda ake so ita ce mai silli-silli, ta tagulla da aka shafe da kuza. In ka je kasuwar Alaba, ka sa a fere maka bakinta, ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Fari a waje, ja a ciki, ita ce. Ja a waje, fari a ciki, alminiyom ne aka yi wa riga, kada ka karɓa ko da rabin kuɗi. Ta kirkin tana da tsada, na sani, kuma mai jirgi zai yi ƙorafi. Ka tambaye shi nawa ne kuɗin ɓalle dabe a sake shimfiɗawa.

Sai kauri. Wutar jirgi bolt 12 ce, ba ta da rarar da za ta zubar a hanya, kuma tsawon da ake lissafawa zuwa da dawowa ne. A ce famfon kwashe ruwa na jan amfiya 5, yana da nisan mita 5 daga batir, wato waya mita 10 ke nan. Da waya mai lamba 2.5, wato kaurinta sukwaya milimita 2.5, za ka yi asarar kusan bolt 0.35, ƙasa kaɗan da kashi 3 cikin 100, wanda shi ne iyaka ga famfo da fitilun tafiya. Da mai 1.5 asarar ta doshi kashi 5, ƙarfin famfo zai ragu. Ni dai ƙasa da 2.5 ba ta shiga ƙarƙashin dabena.

Kada ka shimfiɗa waya tsirara. Sa bututun roba, ka bi da shi ta gefen jirgi, sama-sama, can inda dabe ya haɗu da bango, ba tsakiyar ciki inda ruwa ke kwana ba. Huda 'yan ƙananan ramuka a ƙasan bututun inda ya fi gangarowa, don ruwan da ya shiga ya sami mafita. Ka kafe shi duk bayan santimita 45. Inda waya za ta ratsa fayiba ko katako, sa zoben roba, don bakin fayiba kaifi gare shi. Ka raba hanya da tiyon fetur gaba ɗaya: tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake sauka ya taru, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wajen jan waya, fara zura igiya, ka ɗaura wayoyin a jikinta, ka haɗa da wata igiyar ta biyu da za ka bari a ciki saboda gaba. In ta cije, ruwan sabulu kaɗan, ba man inji ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Kada ka yi haɗi a ƙarƙashin dabe. Ko ɗaya. Kowace waya ta tafi a miƙe daga akwatin fis har zuwa abin da take kunnawa.

Na taɓa yi wa wani jirgin fasinja aiki, wayar famfo ta gaza da kamar kamu biyu. Yamma ta yi, kasuwa da nisa, mai jirgi na tsaye a kaina. Na murɗa wani guntu na ƙara, na naɗe da baƙin tef har ninki uku, muka rufe dabe. Ya yi aiki lafiya har damina ta kankama. Ranar da hadari ya same su tsakanin Ikorodu da tashar jirgin ruwa ta CMS, aka kunna famfo, shiru. Da bokiti da yankakkiyar jarka suka yi ta kwasar ruwa, ga mata da yara a ciki. Allah ya tsare. Da muka ɓalle daben washegari, tef ɗin na nan yadda na naɗe shi, amma da na warware sai wani koren gari ya zubo mini a tafin hannu. Na fere wayar gaba, baƙa. Na ƙara ferewa, baƙa, har kusan tsawon hannu. Ruwan gishiri ya shiga ta haɗin ya bi tsakanin silin kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Abin da ya fi tayar mini da hankali, da na sa mitar awon wuta kafin in warware, ta nuna mini bolt 12. Sili ɗaya ko biyu da suka rage sun isa su ruɗi mita, amma ba za su iya juya famfo ba. Saboda haka gwaji na gaskiya shi ne wanda aka yi kaya na kunne.

In waya ta gaza, zare ta ka sa doguwa. Inda haɗi ya zama dole, kamar wayar da famfo ke zuwa da ita daga kamfani, ka ɗago haɗin sama, wurin da hannu zai kai ba sai an ɓalle komai ba. A matse shi da kan waya da abin matsewa na ainihi, ba filaya ba, a rufe da robar nan mai gam a ciki da ke tsukewa in ta ji zafi. Ka ja da ƙarfi ka gani ko zai zame. Sannan ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau wurin haɗin, don ruwa ya ɗiga a gwiwar.

Sauran mai sauƙi ne. Ja ga fozitif, baƙi ko rawaya ga negetif, duk negetif su koma wuri ɗaya. Babban fis kusa da batir, kada ya wuce santimita 18, kuma gwargwadon wayar ake zaɓensa. Famfo ya sami nasa fis da nasa layi kai tsaye daga batir, don ya yi aiki ko an kashe babban makunni jirgi na ɗaure a jeti. Fitilar hagu ja, ta dama kore, ta baya fara. Rubuta suna a bakin kowace waya, gaba da baya. Kafin a mayar da dabe, zuba bokiti biyu na ruwa a cikin jirgin, kunna komai lokaci ɗaya, ka bi wayoyin da hannu kana girgizawa, ka ji ko akwai inda ya ɗauki zafi.