Kafin ka jefar da littafin bashi: kurakuran 'yan kasuwarmu a harkar kuɗin waya

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, da wuya ka shiga rumfa a kasuwar Mile 12 ta Legas ba ka ga lambar akawun rubuce a jikin kwali ba. Ba sha'awar zamani ta kai mu ba, dole ce. Tun 2012 aka fara gwada tsarin rage tsabar kuɗi a nan Legas, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, amma dillalan albasa da tumatir ko kallo bai ishe su ba, sai da suka ga kwando yana ruɓewa a gabansu, mai saye kuma ba shi da ko sisi a hannu. An koyi abin a guje, an koye shi a karkace. Ni aikina riƙe wa manya lissafi, kuma na gaji da ganin duk yaron da ya sauko daga tirela bana yana faɗawa ramin da na bara ya faɗa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne buɗe akawun da sunan wani. Alhaji yana juya miliyoyi, amma ba ya son zaman banki, ba ya son a ɗauki zanen yatsunsa, sai ya kira yaron shago: "Kai da ka iya waya, buɗe mana." Yaro ya buɗe da BVN ɗinsa (lambar shaidar banki), da NIN ɗinsa (lambar shaidar ɗan ƙasa), da layinsa. Daga ranar nan, a wurin banki da hukuma, Alhaji ba shi da ko kwabo a ciki. Mutane suna ɗauka matsalar ita ce yaro ya gudu da kuɗi. Ba sai ya gudu ba.

Kawuna haka ya yi, kuma yaron nasa ban taɓa ganin mai amana kamarsa ba. Damina ta faɗi, ya tafi gida noma, aka zare masa waya a tasha. Muka ce ai da sauƙi, a je a dawo da layi. A ofishin kamfanin waya aka ce layin ba sunansa ne a kai ba: ashe a bakin titi ya saye shi da rajistarsa, sunan wani bawan Allah da ba mu san ko yana raye ba. Manhajar banki kuma ba ta buɗewa a sabuwar waya sai an turo lambar tabbatarwa, lambar kuma wancan layin take zuwa. Kuɗin albasar mutanen Aliero yana ciki, da ɗan abin da na tara na zuba a cinikin. Muna ganin kuɗinmu a takarda, ba mu da ikon taɓawa. Kafin a kira yaro daga gona, a yi rantsuwar kotu, a cike wannan a kawo wancan, manomin da ya shekara da shekaru yana ba Kawu kaya bashi ya juya wa wani dillalin. Kuɗi sun dawo. Mutumin bai dawo ba.

Kuma ku tsaya ku yi tunanin mutuwa, tunda ba ta sallama. In yaron ne ya rasu, magadansa banki ya sani. In Alhaji ne, marayunsa da wace hujja za su tunkari yaro? Tun Disamban 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN, har yanzu muna yi kamar ba da mu ake ba.

Ni ga yadda nake yi, ba na ce kowa ya bi ba. Layi da NIN da BVN duk sunan mai dukiya, kuma rubutun sunan iri ɗaya. Wannan ya fi cizon mu 'yan Arewa: nan an rubuta Muhammadu, can Mohammed, wani wurin Mamman, a kati ɗaya sunan uba, a ɗayan sunan gari, ranar haihuwa kuma duk wadda magatakarda ya ga dama. Ka gyara tun ba ka da matsala, don ranar matsala layin gyara ba ya tafiya. Danna *346# ka ga NIN ɗinka, *565*0# ka ga BVN, daga layin da ka yi rajista da shi. Layin banki ina sa shi a ƙaramar waya mai maɓalli, na kulle sim ɗin da lamba, ba WhatsApp ba kallon bidiyo, tana aljihun ciki. Yaro ya riƙe na'urar POS yana karɓa; lambar sirrin fitar da kuɗi kuwa a kan maigida take zama.

Na biyu shi ne yarda da hoton rasit. Mai saye ta ɗaga maka waya, ka ga kore, ka ga sunanka, ka ce wa ɗan dako ya ɗauka. Wa ya gaya maka kuɗi sun shigo? Hoto ana ƙirƙira shi, saƙon alat ma ana ƙirƙira shi, da sunan bankinka a sama. Wallahi yawancin waɗanda aka cuta a nan ba jahilci ya cuce su ba, nauyin baki ne. Kana jin nauyin ka ce wa babbar mace, "Mama, ki ɗan jira in duba," ga layi a bayanta, ga tirela ana sauke kaya, ga ta tana ɗaga murya. To, kunyar mara kunya asara ce. A rumfarmu kwando ba ya hawa kan ɗan dako sai na buɗe manhaja da hannuna na ga lissafi ya ƙaru. Amma kada ka zama mahaukaci kuma: sau da yawa mutum ya tura da gaskiya, an cire masa, kuɗin sun maƙale a hanya. Ba ɓarawo ba ne. Ka ba shi kujera, ka karɓi lambar wayarsa, ka rubuta doguwar lambar nan da ke jikin rasit, don da ita banki ke bin sawu. Na ga an yi asarar abokin ciniki na shekaru saboda sabis ya yi jinkirin minti kaɗan, yaro kuma bakinsa ya riga hankalinsa.

Sai masu ganin tunda an samu waya an gama da littafi da tsabar kuɗi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka tsaya cak. Tumatir ɗin Kadawa bai san da wannan ba, ruɓewarsa ya ci gaba da yi. Mai banki ɗaya da layi ɗaya ya wuni yana ɗaga waya sama. Ni bankuna biyu nake riƙewa, layukan kamfani biyu, batirin caji a cike, da tsabar da za ta sallami 'yan dako da direba. Littafin bashi kuma yana nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, ba ta ce sai da caji ba. Bayan Isha nakan ɗauki hoton shafin ranar in tura wa Kawu.

A nan ne nake ganin gwamnati ma irin kuskurenmu take yi, nata dai ya fi girma. Ana ƙaddamar da manhaja kafin a kawo wuta. An fito da eNaira, nairar cikin waya ta Babban Banki, a Oktoban 2021 da babban biki, ni dai ban taɓa ganin an sayi kwandon tattasai da ita ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tayar da janareta don cajin na'ura ya zama lissafi. A farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ciniki kuma baki biyu gare shi: mu muna Legas, manomi yana ƙauyen da sai ya hau babur zuwa gari kafin ya ga alat. Da aka rufe sabis a Zamfara a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, duk wayewar dillalin Legas ba ta amfane shi da komai ba. Da ni ake tambaya, wuta ce farko, sai sabis a karkara, sai ofishin gyaran katin shaida da talaka zai shiga ya fito a wuni ɗaya. Manhaja ta biyo baya.

Sauran ƙanana ne, amma suna ci. Kada lambar sirrinka ta zama shekarar haihuwarka, kada kuma ka miƙa wa mai POS kati kana faɗa masa lamba da ƙarfi kamar mai kiran sallah. Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka, kashe wayarka. Kuɗin cefane daban, na shago daban. Manhajojin bashin gaggawa, waɗanda ke tura wa surukanka saƙo in ka yi latti, ka bar su. Sayen tsohuwar waya a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, ba rasit, kai ka sani. Wanda damfarar ninka kuɗi ta MMM ba ta koya wa hankali a 2016 ba, irinta ta CBEX ta maimaita masa karatu a 2025.

In za ka biya manomi kuwa, kada ka danna sai ka kira shi ka karanta masa sunan da ya fito a allo. In ya ce, "E, na ƙanena ne, tura kawai," ka ce ya faɗa maka haka a saƙon murya, da adadin kuɗin da yawan buhunan, ka ajiye saƙon har a gama lissafin kaka.