Babi na 6: Sayen tsohon babur mai gudu ɗan Kwatano

Darasi na 1: Inji

Ka je wurin mai babur da sassafe, kafin ya tayar da shi. Ɗora tafin hannunka a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga ka, an ɗumama shi ne don ya ɓoye laifinsa. Ka ce za ka dawo gobe. In da sanyi, a tayar a gabanka, kai kuma ka tsaya bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce inji yana shan baƙin mai, ringin fistin ya cinye. Babura masu gudu irin su CBR600 fistin huɗu gare su, Boxer ɗinmu kuwa ɗaya. Bakaniken ƙauye ba lallai ya iya ba, sai an kai birni.

Darasi na 2: Lambar jiki

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Juya kan babur, ka duba wuyansa, ƙasan hannu. Akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfe, haruffa da lambobi guda 17. Goge ƙurar da tsumma, ka haska da fitilar waya.

Buɗe takardar babur, ka nemi wannan lambar. Ɗora yatsa a harafin farko na ƙarfe, ka faɗe shi da baki. Ɗora yatsa a harafin farko na takarda. Iri ɗaya ne? Madalla, wuce na biyu. Ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake. 8 da B suna kama. 5 da S suna kama. In ka rikice, ba abin kunya ba ne, koma farko.

Ka kai ƙarshe? Sake, daga na farko har na 17. Malam, dillali zai ce kada ka damu, duk ɗaya ne, la'adarsa yake jira. Sau nawa za a faɗa? Yatsa a ƙarfe, yatsa a takarda! Harafi guda ya saɓa, ko ka ga alamar an kankare ƙarfen, bar kuɗinka a aljihu. Ranar da aka kama babur ɗin sata, wanda yake kai shi ake tafiya da shi. A rubuta cinikin gaban mai unguwa da shaidu biyu.

Darasi na 3: Kaca da taya

Danna kaca a tsakiya da yatsa. Ta motsa kamar santimita 3, daidai ne. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2315 na nufin mako na 23, shekarar 2015. Ta tsufa, canza.

Darasi na 4: Hanya

Cikin babur mai gudu a ƙasa yake, ba ya son yashi da burji. Sa hular kwano.